Ni da maigidana muna aiki a Ingila, me ya sa aka hana mu awa 30 na rainon yara?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni nas ce a Manchesta. Na shigo Ingila a farkon 2023 da bizar ma'aikatan lafiya, maigidana da ɗanmu suka biyo ni a kan takardata. Shi yana aiki a wani sito, ni ina asibiti, kuma duk wata sai an cire mana haraji. Yaron zai cika shekara uku a Nuwamban nan na 2025, ƙanwarsa da na haifa a nan cikin Disambar bara tana da wata goma. Abokan aikina duk suna samun awa 30 kyauta a gidan raino, amma ni da na cika fom a intanet sai aka ce ban cancanta ba. Ga kuma wata 'yar garinmu ta ce kada in kuskura in karɓi ko awa 15 ɗin ma, wai zai ɓata mini takarda ranar da zan nemi zaman dindindin. Kuɗin raino ya kusa cinye albashina. Don Allah ina gaskiyar maganar take?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana yaran. Tambaya biyu kika haɗa a ɗaya: me ya sa aka juya miki baya alhali ku biyun kuna aiki, sannan abin da ya rage ɗin, karɓarsa zai jawo miki matsala da hukumar shige da fice? A gajarce, ba kuskure na'urar ta yi ba da ta ƙi ki, sharaɗin da ke kan bizarki ne ya rufe ƙofar awa 30. Amma 'yar garin nan taku ta tsorata ki a banza. Awa 15 na yaron haƙƙinsa ne, ki je ki karɓa hankali kwance.

Na daɗe ina aiki a ofishin wani gidan rainon yara a arewacin Ingila, kuma ni ce mai duba lambobin shaidar cancanta da iyaye ke kawowa daga hukumar haraji da tura lissafi ƙaramar hukuma kowane zango. Irin fuskar da kika yi a gaban kwamfutar nan na sha ganinta a gaban teburina. Wasu har faɗa suke yi da ni, ni kuwa ba na jin haushi, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Ba shiri ɗaya ba ne, uku ne

Rikicin yana farawa ne daga yadda muke kiran komai da "awannin kyauta". A Ingila shiri uku ne, kowane da ƙofarsa da mai gadinsa.

Na farko shi ne awa 15 a mako na duk yaron da ya cika shekara uku ko huɗu. Mako 38 ne a shekara, jimilla awa 570. Ba a tambayar ko iyaye suna aiki, ba a tambayar nawa suke samu, ba a tambayar wace irin biza suke riƙe da ita. Na biyu shi ne awa 15 na 'yan shekara biyu daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ko yaron da ke da buƙata ta musamman. Na uku shi ne wanda abokan aikinki suke ci, wato awa 30 na iyaye ma'aikata, awa 1,140 a shekara. An fara shi a Satumbar 2017 ga 'yan shekara uku da huɗu kaɗai. A kasafin kuɗin Maris 2023 ministan kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya sanar da faɗaɗa shi, aka riƙa buɗe shi daki-daki: 'yan shekara biyu suka samu awa 15 a Afrilun 2024, jarirai daga wata tara suka shiga a Satumbar 2024, sannan a Satumbar 2025 aka kai kowa awa 30 tun daga wata tara har shiga makaranta. Shi ya sa kika ji maganar ta cika asibiti a 'yan watannin nan. Mai goyo irinki da bara take biyan kuɗin mako sukutum, bana rabin nauyin ya sauka daga kanta.

Wannan na ukun hukumar haraji ta HMRC ce take tantance shi, ba gidan raino ba, ba kuma ƙaramar hukuma ba. Sharuɗɗansa na aiki ba su da tsauri. Kowane ɗaya daga cikin iyayen ya kasance yana sa ran samun abin da ya kai kuɗin awa 16 a mako a kan albashi mafi ƙanƙanta, cikin wata ukun da ke tafe. Daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026 mafi ƙanƙantar albashin mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa, wato kusan fam 195 a mako, fam 2,539 a wata uku. Lissafin yana canzawa duk Afrilu. Ki lura, kuɗin ake dubawa, ba yawan awannin ba. Mai albashi mai kauri zai iya cika sharaɗin da aikin awa goma. Mai aikin da ba shi da tsayayyun awanni ma yana shiga, haka mai sana'ar kansa, kuma wanda bai shekara da fara sana'ar ba an ɗauke masa wannan sharaɗin gaba ɗaya. Ta sama kuma akwai rufi: idan ɗaya daga cikin iyayen yana samun fiye da fam 100,000 a shekara, gidan ya fita. Mutum ɗaya ake kallo, ba jimillar gida ba, abin da ya sa miji da mata masu fam 90,000 kowannensu suke ci, gidan da likita ɗaya ya haura rufin da fam ɗari kuma ya rasa. Ni dai ban taɓa ganin hikimar wannan lissafi ba, amma haka dokar take.

Duk waɗannan ke da maigidanki kun cika su. Inda aka tsaya da ke shi ne sharaɗin takarda. Wanda zai cika fom ɗin dole ya kasance ɗan Birtaniya ko ɗan Ailan, ko mai izinin zama a ƙarƙashin tsarin da aka yi wa 'yan Tarayyar Turai, ko kuma wanda takardarsa ta ba shi damar cin tallafin gwamnati, kamar mai zaman dindindin. Ki buɗe bizarki ta intanet ki duba wajen sharuɗɗa, za ki ga an rubuta cewa ba ki da damar taɓa kuɗin tallafin jama'a. Wannan layin yana kan kusan duk bizar aiki da ta ɗalibta, yana kuma kan ta waɗanda suka biyo mai bizar. Tunda maigidanki a kan takardarki yake, shi ma yana ɗauke da shi. Haihuwar yarinyar a nan ba ta sauya komai ba, ta fuska biyu. Haihuwa a Birtaniya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin a lokacin haihuwar. Ko da ma tana da fasfon Birtaniya, takardar iyaye ake dubawa a wannan shirin, ba ta yaro ba.

Kin ce kuna biyan haraji, kuma gaskiyarki. Nas ɗin da take kwana a kan marasa lafiya tana biyan harajin da ake rainon 'ya'yan wasu da shi, nata kuma a ce ta biya da aljihunta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙi sun daɗe suna kuka a kan haka. Ra'ayina ɗaya da nasu. Sai dai ra'ayi ba ya buɗe fom.

Akwai wata 'yar kafa da ya kamata sauran masu karatu su sani, ko da ke ba ta shafe ki ba. Mai cika fom ɗin ne kaɗai ake buƙatar ya cika sharaɗin takarda, abokin zamansa lambar inshorar ƙasa kawai ake nema a wajensa, tare da sharaɗin aiki. Na taɓa samun wata da aka ƙi ta har sau biyu tana ta kuka, ashe mijinta ya samu zaman dindindin tun shekarar da ta wuce, ita ce take kan bizar aure. Abin da kawai muka yi shi ne ya buɗe asusun da sunansa, ya saka ta a matsayin matarsa. Cikin 'yan kwanaki lamba ta fito. To duk gidan da takardun miji da mata suka bambanta, mai ƙarfin takardar ne zai nema.

Maganar 'yar garinku

Tsoron da ta ba ki yana da tushe, wurin ɗora shi ne ta kuskure. Dokar shige da fice tana da jerin abubuwan da ta kira tallafin jama'a, sunansu a rubuce ɗaya bayan ɗaya. Universal Credit, tallafin kuɗi na masu ƙaramin ƙarfi, yana ciki, kuɗin tallafin yara na Child Benefit yana ciki, gidan ƙaramar hukuma yana ciki. Waɗannan mai biza irin taki ya nisance su, don karɓarsu saɓa sharaɗin biza ne, kuma yana iya dawo wa mutum ranar neman zaman dindindin. Awannin karatun ƙananan yara ba sa cikin jerin nan. A matsayin ilimi aka ɗauke su, kamar yadda makarantar firamare ta gwamnati take kyauta ga kowane yaro ba tare da an leƙa fasfon ubansa ba. Na ga iyaye da dama masu bizar aiki da yaransu suka ci awa 15 a wajenmu, daga baya suka dawo da alawa suna murnar samun zaman dindindin.

Abin da yake da haɗari shi ne a koma fom ɗin awa 30 a sauya amsa don na'ura ta yarda. Wasu suna ba da wannan shawarar a zaurukan WhatsApp. Kada ki yi. Bayanin da kika sa hannu a kai magana ce da kika faɗa wa gwamnati, HMRC tana iya cin tara a kan bayanin ƙarya, kuma tabon rashin gaskiya a takardar baƙo ya fi kuɗin raino na shekara tsada nesa ba kusa ba.

Abin da yaranki za su samu, da lokacinsa

Yaron ba ranar da ya cika uku zai fara ba. Ana farawa ne a zangon da ya biyo bayan ranar haihuwar, kuma ranakun uku ne: wanda aka haifa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba yana farawa 1 ga Janairu, na Janairu zuwa ƙarshen Maris yana farawa 1 ga Afrilu, na Afrilu zuwa ƙarshen Agusta kuma 1 ga Satumba. Naki ɗan Nuwamba ne, don haka Janairun 2026. Ba kya buƙatar lamba daga HMRC. Takardar haihuwarsa za ki kai gidan rainon, su ba ki fom ki sa hannu, su nemi kuɗinsu a ƙaramar hukuma. Zai ci gaba da ci har ya shiga ajin share fage na firamare a Satumbar 2027, daga nan kuɗin rana ya faɗi, sai na kafin makaranta da bayan tashi in kina buƙata.

Amma tun ran gini ran zane. Gurbin Janairu ya fi na Satumba wuyar samu, don a Satumba ne manyan yara suke tafiya makaranta ɗakuna su yi sarari, kafin Janairu an cike su. In yana gidan raino yanzu, ki gaya wa ofis tun wannan makon su saka shi a lissafin zango mai zuwa. In ba ya zuwa ko'ina, ki kira sashen ba iyalai bayani na ƙaramar hukumarku, suna da jerin masu gurbi. Ki haɗa da ajin nazare na makarantun firamare, don su ne suka fi ba da awa 15 ɗin ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, sai dai yawanci awa uku ne da safe ko da rana, abin da ba ya yi wa mai aikin asibiti daɗi.

Yarinyar ce mai wuyar. Daga yanzu har ta cika biyu babu abin da gwamnati za ta biya mata, kuma a wannan shekarun ne raino ya fi tsada, saboda doka ta ce ma'aikaciya ɗaya ba za ta riƙe fiye da jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu ba, alhali a ɗakin 'yan shekara uku tana iya riƙe takwas. Idan ta cika biyu a Disambar 2026, shiri na biyu yana iya buɗuwa a Janairun 2027. Tun 2022 aka buɗe shi ga iyalan da ba su da damar cin tallafi, amma da iyaka: a wajen Landan, kuɗin shigar gida bayan haraji kada ya wuce fam 26,500 ga mai ɗa ɗaya, ko fam 30,600 ga mai biyu zuwa sama. A Landan fam 34,500 ne da fam 38,600. Ajiya kuma kada ta haura fam 16,000. Albashin nas haɗe da na maigida mai cikakken aiki yakan wuce wannan iyaka, don haka kada ki sa rai sosai, amma ki yi lissafin idan lokacin ya zo. A ƙaramar hukuma ake neman wannan. Janairun 2028 kuwa za ta shiga awa 15 na kowa da kowa.

A kan ƙa'idar shekara biyar, farkon 2028 ne za ki iya neman zaman dindindin, kuma da zarar ya fito ƙofar awa 30 ta buɗe wa yarinyar har ta shiga makaranta a Satumbar 2029. Sai dai a Mayun 2025 gwamnati ta fitar da shawarar tsawaita wa'adin zuwa shekara goma ga yawancin baƙi. Wannan fagen lauyoyin shige da fice ne, ni ta fuskar gidan raino nake magana, don haka duk abin da ya shafi bizar kanta ki kai shi gaban mai ba da shawara mai rajista. Ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Idan ranar ta zo, ki riƙe abu biyu. Lambar mai alƙaluma 11 dole ta kasance a hannunki kafin 31 ga Maris, ko 31 ga Agusta, ko 31 ga Disamba, in ba haka ba zangon ya wuce ki. Na ga wanda ya makara da kwana biyu ya biya kuɗin wata huɗu. Sannan duk wata uku sai an shiga asusun an sake tabbatar da bayani. Saƙon tunin yakan ɓuya cikin tarkacen imel, iyaye su manta, sai mu gani a namu allon lambar ta mutu.

"Kyauta" ɗin ma da sauran magana

Kada ki ɗauka abokan aikinki ba sa biyan komai. Awannin na mako 38 ne, aikin asibiti kuwa ba ya hutun zango. Yawancin gidajen raino suna shimfiɗa awannin a kan shekara, sai awa 30 ya koma kusan 22 a mako, awa 15 ɗin yaronki ya koma kusan 11, kamar yini ɗaya ke nan. Kuɗin gwamnati na kula da yaro ne da koyar da shi, bai haɗa da abinci da kunzugu da fita yawo ba, kuma an halatta wa gidan raino ya caji waɗannan. Abin da ba a halatta ba shi ne a mayar da su dole, a ce sai kin biya za a ba ki gurbin, ko a ɗora miki cikon kuɗi a kan awannin da gwamnati ta riga ta biya. Ki nemi takardar kuɗi mai bayani filla-filla, wadda ta nuna awannin gwamnati da sifili a gabansu. Mu ma a ofis ba mu da tsarki a nan: abin da gwamnati ke biya a kan 'yan shekara uku da huɗu sau da yawa ba ya kai abin da ake kashewa, sai a riƙa cusa gibin cikin "kuɗin kayan amfani". Mai tambaya da murmushi yakan samu sauƙin da mai shiru ba ya samu.

Shirin Tax-Free Childcare, wanda gwamnati ke ƙara fam 2 a kan kowane fam 8 har fam 2,000 a shekara ga kowane yaro, shi ma sharaɗin takardarsa ɗaya da na awa 30, don haka a rufe yake gare ki yanzu.

To kafin nan fa? Ki fara da wajen aikinki. Wasu asibitoci suna da gidan raino nasu da ake cire kuɗinsa daga albashi kafin haraji, wanda hakan ragi ne mai kauri kuma ba ruwansa da biza. Ki tambayi ofishin ma'aikata. Tun Afrilun 2024 kowane ma'aikaci yana da 'yancin neman a sassauta masa lokutan aiki tun ranar da ya fara, sau biyu a shekara. Ba dole a amince ba, amma dole a duba a ba da dalili. Nas-nas da yawa suna neman tsayayyun ranaku uku masu tsawo, maigida ya karkata nasa aikin zuwa sauran ranakun, sai kuɗin raino ya koma na yini ɗaya ko biyu. Akwai gajiya a ciki, na sani, wasu ma'auratan a bakin ƙofa kawai suke haɗuwa. Ki kuma duba masu raino a gidajensu masu rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido a kan makarantu da masu rainon yara. Sun fi sauƙin kuɗi a yawancin unguwanni, wasunsu suna karɓar yaro da sassafe, suna karɓar awannin gwamnati, kuma za ki iya haɗa yaran biyu wuri ɗaya.

Mu da muka tashi a gidan da kaka da gwaggo da 'yar maƙwabta duk masu raino ne, abin da yake fara zuwa mana shi ne a kai wa wata 'yar'uwa a riƙa ba ta wani abu. A nan ki yi hattara. Duk mai karɓar kuɗi ta riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana, in ba danginsa na kusa ba ce, kamar kaka ko gwaggo, doka ta ce sai ta yi rajista. Marar rajista ba ta da inshora, ba wanda ya duba gidanta, kuma awannin gwamnati ba sa aiki a wajenta. Karɓa-karɓa tsakanin ƙawaye ba da kuɗi ba, yau naki gobe nata, wannan an yarda da shi. Mahaifiyarki kuma in ta zo ganin jikoki da bizar ziyara, wata shida ne iyakar zamanta a zuwa ɗaya, kuma baƙuwa ce, kada a rubuta a takardar gayyata cewa aikin raino za ta zo yi.

Duk abin da na faɗa na Ingila ne. Sikotland tun Agustan 2021 take ba duk 'yan shekara uku da huɗu awa 1,140 ko iyaye suna aiki ko ba sa yi, Wels da Ailan ta Arewa kuma kowace da nata tsarin. In wata rana aiki ya kira ki Gilasgo, lissafin yaran zai sauya. A yanzu dai ki nemo takardar haihuwar yaron, ki shiga ofishin gidan rainon ranar Litinin ki ce a saka shi a lissafin Janairu, ki kuma tambaye su ranakun da za su shimfiɗa masa awannin kafin a fitar da jadawalin aikinku na sabuwar shekara.